Katangar Rumasa'u

Ni magini ne, a Tudun Jukun nake zaune,
shekara goma sha tara ina ja wa bulo igiya.
Na san halin katanga tun tana ɗanya:
ba guduma ke karkata ta ba,
jingina ce, kullum, a wuri ɗaya.

Wata bakwai Rumasa'u ta yi a kan nono.
Da Sahura ta koma koyarwa a Gyallesu
sai bulumboti ya karɓi aikin rana,
sannu a hankali ya haɗa da na dare,
koko da sukari, roba a baki har asuba.
Ran da muka jefa shi bayan ɗaki
ko ƙwalla ba ta yi ba. Muka ce, kai, jaruma!
Ashe ta riga ta naɗa magaji,
wanda ba a saye, ba a dafawa, ba ya ɓata:
babban yatsan hagu.

Inna ta zo daga Ƙofar Gayan da ƙullin maɗaci.
Ta shafa. Yarinya ta yamutsa fuska,
ta goge a zanen Inna, ta mayar.
Aka gwada shuwaka.
Aka sa safa, ta tuɓe ta da haƙora,
haƙoran nan dai biyu na sama
da na lura da su wata safiya tana cin ƙosai:
sun leƙo waje kamar rumfar shago,
na ƙasa sun ja da baya,
tsakani ga ƙofa, daidai faɗin yatsa.
In za ta ce sannu, harshe ke fara fitowa.

A Shika muka bi layi tun hantsi.
Likitar, wata doguwa mai tabarau,
ta haska 'yar fitila har ganɗa.
"Shekararta nawa?" Uku da rabi.
"Da sauran lokaci. A raba su kafin famfara,
sau da yawa jerin kan koma da kansa.
Ban da duka, ban da gori.
Kofi, ba roba ba.
Ku lura da lokacin da take sa shi."
Sai ta juyo: "Malam, ɗan yi murmushi."
Ban yi ba.
Inna ce ta fashe da dariya, ta tona ni:
yatsa biyu, har na shiga aji biyu,
maɗacin Zazzau kaf a kaina ya ƙare.
Shekara talatin ke nan ina rufe baki a hoto.

To, na lura.
In ta ƙoshi ba ta sa shi.
In tana tuwon ƙasa a gwangwani ba ta sa shi.
Sai an ɗauke wuta,
sai ɗan jirgin 'yan koyo ya wuce ƙasa-ƙasa,
sai barci ya zo, uwa na can tana duba jarrabawa.

Yanzu bayan isha'i nakan wanke hannu,
siminti ba ya fita duka,
in miƙa mata yatsana ta riƙe.
Tana bin kaushin, tana ƙirga tsaga,
ni kuma ina lalubo tatsuniyar da na manta rabinta.
Wani dare mu ci nasara.
Wani dare yatsan ya koma gida
kafin Gizo ya kai bakin rafi.
Ba na fizgewa.
Ina jira numfashi ya yi nauyi,
in zare shi a hankali,
yadda nake cire katako ƙarƙashin linta
ina sauraron ko za ta yi ƙara.
Ya fito a jiƙe, fari fat, da 'yar kanta a gaɓa.

Jiya ta gatsi gwaiba ta miƙo mini.
Na juya ta a haske, ina duba sawun haƙora
kamar mai gida ya zo ganin aiki.
Ƙofar tana nan.
Ta ɗan tsuke, ko kuwa idona ne.
Ta ce, "Baba, ci mana."
Na buɗe baki gaba ɗaya, na ci.